Awa Guda da Ta Ɓace a Hanyar Barnaba

Akwai wata budurwa a wani ƙauye da ke bayan rafi, sunanta Keziya. Duk sa'ad da ta tuna ranar da ta fara ganin Barnaba kafinta, ƙanshin sabon katako ne yake fara zuwa mata.

Dattawan ikkilisiya ne suka ɗauko shi daga gari don ya yi musu bencina. Suka ce masa mutum tasa'in da shida suke so su sami wurin zama, majami'ar kuwa benci goma sha takwas kaɗai za ta ɗauka. Dogon benci yana cin mutum shida, gajere yana cin huɗu. Aka aiki Keziya ta kai wa ma'aikata kunu, ta tarar da shi a tsugune, yana rubutu da fensir a jikin guntun katako yana gogewa da yawu. Ta ajiye ƙwarya, ta ɗan tsaya. Sai ta ce, kamar da ƙwaryar take magana, "Dogaye sha biyu, gajeru shida."

Ya ɗago kai, ya ƙirga da yatsu, ya ga ya fita cif.

"Ke kuwa, wace makaranta kika yi?"

"A aji huɗu na tsaya."

"To, wannan fa?"

"Littafin Babana ne. Gara ta ci bangon, amma ta bar cikin."

Ya yi dariya ya ce, "Ita ma garar, lissafin ne ya fi ƙarfinta."

Keziya 'yar fari ce. Tana aji huɗu mahaifinta ya rasu, ta bar makaranta don ta riƙa kula da gida da ƙannenta, uwarta kuma ta riƙe gonar shinkafarsu da ke bakin mashigi, inda hanyar gari take ratsa rafi. Abin da uban ya bar mata shi ne wani tsohon littafin lissafi. In ta gama daka sai ta zauna gindin tsamiya da shi, tana bin layi da yatsa, har ta koya wa kanta abin da ba wanda ya koya mata. A ciki ta ga cewa in ka san nisan hanya, ka san gudun mai tafiya, sai ka raba nisa da gudu, lokaci ya fito. A ciki kuma ta ga cewa abin da ba ka sani ba tukuna, harafi ake sa masa, a ce x, a bar shi haka har sai an bi ƙa'ida an gano shi.

Bayan an gama bencina, Barnaba bai daina zuwa ƙauyen ba. Kowace Asabar yakan rufe shagonsa da ƙarfe sha biyu, ya hau keke, ƙarfe biyu da rabi a ji ƙararrawarsa a ƙofar gida. Kakan Keziya, wani tsoho mai suna Tanko, wanda ya yi aikin hanya a ƙuruciyarsa, yana da agogon hannu da ba ya rabuwa da shi, shi ne kuma ya gaya mata cewa daga gari zuwa ƙauye kilomita ashirin ne. Don jin daɗinta kawai ta yi lissafi: ashirin cikin awa biyu da rabi, wato kilomita takwas a awa guda. Tun daga nan, ran Asabar takan zauna a ɗaki tana bin sa a zuciya. Yanzu ya wuce kuka. Yanzu ya shiga yashi, ya sauka yana turawa. Yanzu ya kai mashigi, ya naɗe wando, ya saɓa keke a kafaɗa. In ya iso, ƙafafun wandonsa a jiƙe suke, tayoyinsa da baƙin taɓo. Ita kuwa wannan jiƙaƙƙen wando ya fi mata kowace kalma daɗi.

Da damina ta yi tsakiya, iyayensa suka kawo gaisuwa, aka karɓa, aka sa rana. Asabar ɗin da ta biyo baya, biyu da rabi ta yi, shiru. Uku ta yi, shiru. Sai uku da rabi ƙararrawa ta kaɗa.

Keziya ta ce a ranta, wataƙila aiki ne ya riƙe shi. Asabar ta biyu, uku da rabi. Ta uku ma haka, ba ƙari ba ragi. A nan zuciyarta ta fara tsarguwa, gama latti na tsautsayi yakan yi tsawo yau, ya yi gajere gobe. Lattin da yake zuwa awa guda cif kowane mako, wannan yana da mai shi.

Ta bi abin yadda littafi ya koya mata, ɗaya bayan ɗaya. Ko keken ne ya tsufa? Da ta kai masa ruwa ta saci kallo, ta ga har sabuwar taya ya sa. Ko yana tashi a makare ne? Akwai wata maƙwabciyarsu mai kai daddawa kasuwar gari ran Asabar, sai ta roƙe ta ta duba mata. Matar ta dawo ta ce, "Sha biyu daidai ya sa kwaɗo a shago, da idona. Har mai na ga ya shafa." Ta gyara zama, ta rage murya. "Ni dai ba ruwana. Amma kin san namiji, in ya ga an sa rana, kamar masunci ne da kifi ya riga ya shiga koma. A tsakiyar hanyar nan kuma, wajen kuka, akwai wata mai kunun zaƙi, fara, mai wushirya. Ni ban ce komai ba fa."

Lokacin tashi bai canja ba. Gudu bai canja ba. Nisa kuwa, ƙasa ba ta miƙewa. Saura awa guda a tsaye, ba ta da bayani. Keziya ta rubuta x a ƙasa da tsinke, ta zuba masa ido, har harafin ya yi mata fari, ya yi wushirya.

Sai kuma ta lura da abin da ya fi komai ci mata rai. Wandonsa a bushe yake zuwa. Ga damina, ga rafi ya kawo, amma ko ɗigo babu. Ta ce a ranta, to, a ɗakin wa yake sauya wando? Wa yake shanya masa jiƙaƙƙen?

Asabar ta biyar ta gwada shi. Suna zaune a zaure, ta ce, "Ka daɗe a hanya."

"Hanya ce," in ji shi.

"Ruwan mashigi ya ragu ne?"

Barnaba ya sunkuyar da kai, ya shiga murza hularsa. "Ban... ban lura ba."

Mutum ya ratsa ruwa da keke a kafaɗa, ya ce bai lura ba! Keziya ta yi murmushi, ta ƙara masa ruwa a kofi. Amma a zuciyarta ta ja layi biyu ƙarƙashin amsa, yadda ake yi in an gama lissafi.

A ikkilisiyar nan, Lahadi uku ake sanar da aure kafin a ɗaura. An riga an karanta biyu. Asabar ta shida, wadda gobenta za a karanta ta ƙarshe, Keziya ta ɗaura zanen fita bayan abincin rana, ta nufi ƙofa. Kaka Tanko yana gindin tsamiya yana tufka igiyar rama.

"Amaryata, ina zuwa da zanen Lahadi ran Asabar?"

"Gidan Fasto."

"Maganar aurenmu za ki kai? Na ce ki jira in sa haƙora tukuna."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Zan ce masa kada ya karanta sanarwar gobe."

Tsohon ya saki igiya. Ya dube ta sama da ƙasa, ya nuna mata tabarma. "Zauna. Ko ɓarawon akuya ana jin ta bakinsa kafin a ɗaure shi. Me ɗan mutane ya yi?"

Ta tsuguna, ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinke ta ja dogon layi. Ta rubuta ashirin, ta rubuta takwas, ta nuna masa awa biyu da rabi, ta nuna masa awa gudan da ta rage. Ta faɗi maganar mai kunu, ta faɗi ta wando.

Kaka ya daɗe yana kallon layin. Sai ya ce, "Ni ban iya karatu ba, amma na ga lissafin nan ba ƙarya a ciki. Tambaya uku zan yi miki. Yaushe aka fara lattin?"

"Asabar ɗin da ta biyo sa rana."

"Wa yake noma a bakin mashigi?"

"Mama."

"Yaya take shiga cikin shinkafar?"

Keziya ta san yadda uwarta take aiki: zane a tattare sama da gwiwa, ɗankwali a ɗaure a ƙugu, tana sunkuye cikin ruwa daga safe har la'asar.

Kaka ya ce, "Shi kuma kin ce wando yake naɗewa ya saɓa keke. To, ke da karatunki, a wane shafi kika ga suruki ya naɗe wando ya ratsa ta gaban surukarsa, ita ma zane a tattare? Da, mai wucewa ne, ya gaishe ta ya wuce. Tun ranar da muka karɓi goronsu ya zama suruki. Ni nan da kike gani, na taɓa faɗawa cikin sarƙaƙiya don na hango uwar kakarki a hanyar rijiya. Wuni guda ana cire mini ƙaya."

"Kaka, ku maza kuna rufa wa juna asiri," in ji Keziya. "Mashigi ɗaya ne a rafin nan. In bai bi ta nan ba, fiffike ya yi?"

"Gada fa?"

Ya karɓi tsinken daga hannunta. Daga inda ta sa gari, ya ja layi ya yi gabas. "Jar hanya, har Mararraba, inda gada take. Sha shida." Ya karya kwana ya ja wani layin ya haɗe da ƙauye. "Daga nan zuwa bayan majami'armu, sha biyu. Kada ki yi mini musu, da hannuna na kafa duwatsun awon hanyar, bayana bai manta ba."

Keziya ta dubi ƙasa. Layinta guda ya zama siffa mai kusurwa uku, nata layin shi ne gefe mafi tsawo, amma sauran biyun in an haɗa sun fi shi. Sha shida da sha biyu, ashirin da takwas. A raba da takwas. Ta yi shi sau ɗaya, ta goge, ta sake. Awa uku da rabi. Daga sha biyu, ƙarfe uku da rabi ke nan. Ta nemi ko da minti biyar da zai rage, wanda mutum zai tsaya ya sha kunu a ciki, ba ta samu ba.

"To, me ya hana shi faɗa mini?"

"Da wane baki? Ya ce miki yana gudun ganin ƙafar uwarki?"

"Mama fa? Ai ta ga ya daina wucewa."

"Ta gani mana, ta kuma san dalili. Amma ke 'yar fari ce. Sunanki ma ba ta kira, balle ta zaunar da ke a kan zancen miji."

Zato in ya yi sati shida yana kwana a ɗaki, ba ya tashi da sallama ɗaya. Keziya ta ce, "Zane a ƙasa ba shaida ba ne. Ara mini agogonka." Ita ba ta taɓa sanin ta wace hanya yake shigowa ƙauye ba, gama budurwar da aka sa wa rana ba ta tsayuwa a waje tana jiran saurayi, a ɗaki take zama har ta ji ƙararrawa. Ran nan ta ajiye wannan kunya. Ta je bayan majami'a, inda jar hanya take shigowa, ga ƙofar gidan Fasto a hannun hagunta. Ta ce a ranta, in uku da rabi ta gota bai ɓullo ta nan ba, ƙofar nan zan shiga.

Uku da kwata, ba kowa sai wata mata da itace. Uku da minti ashirin da biyar, iska ta kaɗa ganyen dawa. Ta dubi ƙofar Fasto, ta dubi agogo. Sai ga wani abu can nesa yana lilo a kan tudu, yana ƙara girma. Barnaba ne, ya tanƙware a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga, jar ƙasa har gira. Da ya gan ta, ya ja birki da ƙafa har ya kusa kifewa.

"Lafiya? Wani abu ya sami Kaka?"

"Kaka lafiyarsa ƙalau. Kilomita nawa ka yi yau?"

Ya sosa ƙeya. "Ban ƙirga ba."

"Ashirin da takwas."

Ya sunkuyar da kai. "Ashe kin sani."

"Yau na sani. Da na fito, gidan Fasto na nufa, in hana a karanta sanarwar gobe."

"Saboda me?"

"Saboda wandonka a bushe yake."

Barnaba ya dubi wandonsa, ya dube ta. Ya buɗe baki kamar zai yi dariya, dariyar ba ta fito ba. Ya jingina keken da katangar majami'a a hankali, ya ce, "Keziya, sati shida kina ba ni ruwa da murmushi, ashe da wannan a ranki?"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: mutum yana iya yin lissafi daidai daga farko har ƙarshe, ya kuma tashi da amsar ƙarya. Keziya ba ta yi kuskure a rabawa ba, ba ta yi kuskure a haɗawa ba. Kuskurenta tun kafin ta ɗauki tsinke ne, sa'ad da ta ɗauka cewa hanyar da ta sani ita kaɗai ce hanya. Haka muke yi wa juna kullum. 'Yar'uwa ta daina zuwa zumuntar mata, mu ce girman kai ne. Ɗan'uwa ya wuce bai gaishe mu ba, mu ce an zuga shi. Mu tara ƙananan shaidu, kowacce gaskiya ce in an ɗauke ta ita kaɗai, mu jera su a kan hanyar da mutumin bai ma bi ba.

Awa gudan nan ita ce abin da ba mu sani ba a rayuwar ɗan'uwanmu. Ko 'yan makaranta sun san ƙa'idarsa: abin da ba ka sani ba, ka bar shi a matsayin wanda ba ka sani ba, har ka gano. Amma zuciyar mutum ba ta son wurin da ba kowa. Tana ganin fili sai ta zaunar da wani a ciki, ta yi masa fuska, ta yi masa suna. Maƙwabciyar nan kuwa, wadda ta faɗi komai ta ce ba ta ce komai ba, kowannenmu ya san muryarta. Wani lokaci a kasuwa take, wani lokaci a bencin da ke bayanka, wani lokaci kuma a cikin ƙirjinka.

Ba ana cewa kowane latti mai gaskiya ne ba. Akwai masu ɓata awa a inda bai kamata ba, kuma Ubangiji bai ce mu zama wawaye ba. Abin da ake cewa shi ne, a tambaya kafin a yanke. Barnaba ma yana da nasa rabon. Kunyar suruka abu ne mai kyau, iyayenmu ba su yi kuskure da suka koya mana ita ba, amma shirun da ya bar wanda kake ƙauna cikin duhu ya wuce kunya. Da ya sami dattijo ɗaya ya raɗa masa, da an huta.

Mafi girma duka, haka muke yi wa Allah. Mu yi addu'a, mu auna nisa, mu auna gudu, mu ce ran kaza amsa za ta iso. Ranar ta wuce, sai mu fara zarginsa: ya manta da ni, ya tsaya a gidan wani. Alhali yana tafe, ta doguwar hanya, saboda wani dalili da yake rufa mana asiri ko yake rufa wa wani, wanda ba mu da idon gani daga cikin ɗakinmu. Kilomita takwas ɗin da suka sa Keziya ta yi zaton an daina ƙaunarta, su ne Barnaba yake ƙarawa kowane mako don ya girmama gidansu. Sau da yawa abin da muke kai ƙarar Allah a kansa, shi ne wahalar da ya sha dominmu.

Saboda haka, wanda yake da wata awa da ta ɓace tsakaninsa da matarsa, ko maƙwabcinsa, ko Mahaliccinsa, kada ya kai ta wani mako. Ya je ya tsaya a bakin hanya, ya buɗe baki. Keziya ma ba ta tsaya a kan jin kunya a zuci ba. A nan bayan majami'a, da rana ƙiri-ƙiri, matar Fasto tana leƙe ta kan danga, ta ɗaga kai ta dubi Barnaba ido cikin ido, ta ce da murya mai fita:

"Na yi maka laifi, ka gafarta mini. A karanta sanarwar gobe, ni na ce. Kuma na yi alkawari a gaban Allah, muddin muna tare, duk ranar da lissafina ya bar rata a kanka, ba zan cike ta da kowa ba. Kai zan tambaya."